Ɓarin Gabas na Murfin Rijiya

Unguwar Kanya ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Roni, a gindin wani dutse, kusa da hanyar da ta nufi Gwiwa. Gidajen ba su wuce talatin ba. Kakannin mutanen makiyaya ne, amma an daɗe da zama wuri ɗaya, yanzu noma ake yi, in rani ya yi samari su kora shanu kudu. Ba su rasa hatsi ba, ba su rasa nono ba, ruwan rijiyarsu kuma bai taɓa ƙafewa ba. Abin da suka rasa shi ne wurin da mutum zai tsaya a bakin rijiyar hankalinsa kwance.

Zurfinta gaba goma sha takwas ne, sai da aka fasa dutse kafin a kai ga ruwa. Bakinta yana da faɗi ƙwarai, don haka aka gitta itatuwa a kai, mai jan ruwa ya taka su ya zura guga ta tsakiya. An taɓa zuba murfin siminti, ƙarfen cikinsa ya yi tsatsa, ya tsage cikin shekara huɗu, aka koma ga itace. Itacen kuma danshi da gara suna cinsa daga ciki. Bara wata karsana ta taka ɗaya ya karye da ita, aka kwana biyu kafin a fito da mushenta. Tun daga nan kowace mace in za ta hau sai ta fara dannawa da ƙafa ɗaya ta saurara.

Gidan da ya fi kusa da rijiyar na Malam Daudu ne, tsohon da ke tufka igiya. Duk igiyar guga da ke ƙauyen daga hannunsa ta fito, da ramar da yake shukawa a gefen gonarsa. Ɗansa Halliru yana kudu da shanu. A gida akwai matar Halliru, Saude, mai tsohon ciki, da 'yarsu Khairiyya, mai shekara goma sha ɗaya. Sai kuma Rahamatu, 'yar Malam Daudu ta fari, wadda ke koyarwa a wata makarantar fasaha a Kazaure, takan zo gida lokaci lokaci.

Saboda ita ce ta fari, Malam Daudu bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma fuskantarta ya yi mata magana. Haka ya taso ya ga ana yi, haka ita ma ta saba. Ko da taku goma ne a tsakaninsu, sai ya dubi jikarsa ya ce, “Amarya, gaya wa ta Kazaure an ɗebo mata gyaɗa.” Khairiyya ta juya ta faɗa, Rahamatu ta ce, “Ki ce wa Baffa na gode.” Khairiyya tana son wannan aiki, don yana sa ta ji ta zama babba.

Da aka gama girbi a shekarar, Rahamatu ta aika ta da wani saƙo dabam. Ta ce tana son dami uku na ɓawon rama, za ta yi wa rijiya murfi da shi.

Malam Daudu ya yi dariya har sai da ya yi tari. “Tambaye ta, murfin tukunya take nufi ko na rijiya?”

“Goggo, wai na tukunya ko na rijiya?”

“Ki ce masa na rijiya. Wanda shi da amaryarsa za su tsaya a kai su yi rawa.”

“Wa zai yi rawa da wannan tsohon?” in ji Khairiyya. “Haƙoransa nawa suka rage?”

Ya zaɓo wa Rahamatu mafi kyawun ramarsa, ta tafi da ita Kazaure.

Sai da bazara ta kama sannan ta dawo, a bayan wata a-kori-kura, da jarkoki da katako da wani kwali da ta riƙe a cinyarta tun daga Kazaure. A cikin kwalin fallaye ne masu kama da takarda, farare sol, sai dai in ka sa hannu ta baya kana ganin inuwar yatsunka. Ta zaunar da Khairiyya ta yi mata bayani a hankali, da ɗan ɗaga murya yadda Malam Daudu, da ke zaune a gindin dalbejiya, zai ji.

Ta ce a cikin kowane zaren rama akwai wasu zaruruwa ƙanana, a cikin waɗannan ma akwai waɗanda suka fi su ƙanƙanta, kuma ƙarfin ramar duk a cikin na ƙarshen nan yake. A ɗakin gwaje-gwaje suka dafa ɓawon da soda, suka wanke, suka yi ta niƙawa a inji har ya zama kamar kamun koko. A lokacin zaren ya yi sirantar da in ka tsaga silin gashi ɗaya gida dubu, kowane kashi ya fi shi kauri. Sai suka shimfiɗa kamun ya bushe ya zama waɗannan fallaye. Abin da ke cikin jarkoki kuma ruwan roba ne, wanda in an zuba masa wani sinadari yakan daskare ya yi tauri. Shi kaɗai yana da tauri amma yana fashewa. In ya ratsa fallayen nan ya kama zaren, sai su zama abu ɗaya da ba ya tsatsa, gara kuma ba ta cinsa.

Ta ciro wasu 'yan alluna biyu masu tsawon tafin hannu ta ba Khairiyya ta kai wa kakanta. Ya ɗora na farko, na roba zalla, a kan duwatsu biyu ya buga masa ƙotar fartanya, ya tarwatse. Ya ɗora na biyu ya buga sau uku, ƙotar tana dawowa. Ya ɗauka ya juya shi, ya shinshina, ya daɗe yana kallo.

“Amarya, tambaye ta, da gaske ramata ce a nan ciki?”

“Ki ce masa tasa ce, ta gefen gona.”

Ya sa allon a aljihunsa.

Murfin ɓari biyu za a yi, na yamma da na gabas, in an haɗa su a bar ƙofar guga a tsakiya. Rahamatu ta harhaɗa mazubin katako a tsakar gida. Kafin ta fara ta shanya fallayen a rana wuni guda, ta hana Khairiyya taɓa su sai ta goge gumin hannunta. Ta ce zaren nan mayen ruwa ne, in ya sha kuma roba ba za ta kama shi ba, sai dai ta zauna a kansa kawai. Suka yi ta jerawa, falle a shafa roba, falle a shafa roba, suna danne iska da wani ɗan katako. Bayan kwana biyu ɓarin yamma ya fito, an shafe shi da shuɗin fenti. Aka ɗora shi a kan duwatsu biyu, mai unguwa Falalu ya sa samari suka loda masa buhunan yashi ashirin, kowane buhu nauyin ƙato. Bai ko lanƙwasa ba.

Ranar da za a yi ɓarin gabas sai aka ga sinadarin daskarewa ba zai isa ba. Rahamatu ta shanya fallayen a kan tabarmi da hantsi, ta danne su da duwatsu, ta tsayar da mai babur zuwa Kazaure. Har ta hau sai ta kira Khairiyya.

“Ki kore kaji da awaki. Kuma ki gaya wa Baffa kada ruwa ya kusance su, ko ɗigo. Kin ji?”

“Na ji, Goggo.”

“Yanzu za ki faɗa masa.”

“To.”

Malam Daudu yana masallaci a lokacin, yana hira da dattawa. Khairiyya ta dubi sama, babu gajimare ko ɗaya. Ta ce a ranta wane ruwa kuma, a wannan rana. Ƙawayenta suka leƙo suka ce kanya ta nuna a bayan dutse. Ta ɗaure awaki, ta tura kaji cikin akurki, ta bi su.

Da ta dawo bayan azahar, tabarmin babu komai a kai. Kakanta yana tsugune a inuwa da ƙwaryar ruwa a gefensa. Ya jera fallayen wani kan wani, yana tsoma yatsu yana yayyafa wa kowanne kafin ya ɗora na gaba, ya kusa gamawa. Haka yake yi wa ramarsa kullum kafin ya tufka, don busasshiyar rama karyewa take yi a hannu, kuma duk mai igiya ya san haka.

“Kin ga aikin 'yan boko,” in ji shi. “A bar rama a rana tana ƙara kamar ganyen masara. Da ban zo ba da duk ta kakkarye. Ke kuma ina kika shiga, bakinki duk kanya?”

Ya rufe tarin da jiƙaƙƙen buhu, ya miƙe yana dafa ƙugu, fuskarsa cike da jin daɗin ya taimaka. Khairiyya ta buɗe baki. Saƙon yana nan a bakinta, kalma bayan kalma. Amma faɗinsa yanzu yana nufin ta ce wa tsohon ya yi ɓarna a kan rama, abin da ya yi shekara sittin yana yi, kuma ta ce ita ta jawo. Sai ta rufe bakin.

Da ya shiga ɗaki ya kishingiɗa, ta yaye buhun, ta kwashe fallayen da sauri ta mayar kan tabarmi ta danne da duwatsu. Rana ta yi sanyi, amma kafin la'asar sakaliya sun bushe a hannu, sai ɗan lanƙwasa da suka yi a gefe. Ta gaya wa kanta ai sun bushe.

Rahamatu ta dawo a gajiye. Ta shafa fallen sama.

“Kin faɗa wa Baffa?”

“Kaji ba su taɓa ba,” in ji Khairiyya, tana kallon ƙasa.

Rahamatu tana buɗe jarka, ba ta lura da amsar ba. Suka jera ɓarin gabas kafin magariba. Bayan kwana biyu ya fito shuɗi, sumul, ba ka iya bambanta shi da ɗan'uwansa.

Ta so a loda masa yashi shi ma, amma an riga an ɗauke itatuwan rijiya, mata sun yi kwana uku suna zuwa rafi mai nisa, an kuma zazzage buhunan an gyara masallaci da yashin.

“Malama, hannu ɗaya ne, mazubi ɗaya,” in ji mai unguwa Falalu. “Mun ga na farko da idonmu.”

Ta sa maza uku suka hau suka yi tsalle, bai motsa ba. Ta ce to a sa, in ta dawo ƙarshen wata za ta gwada shi yadda ya kamata. Aka ɗora ɓari biyun a bakin rijiya, aka yi addu'a, ta koma Kazaure.

Mako na farko babu abin da ya faru, har Khairiyya ta fara barci da kyau. Mata suka daina danna ƙafa kafin su hau. Yara suna zama a kan murfin suna wasan 'yar carafke.

A rana ta tara ta ga wani ɗan kumburi a ɓarin gabas, kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fenti. Ta danna da babban yatsa, ya lotsa ya dawo. Washegari sun zama uku. Ta duba ɓarin yamma daga wannan gefe zuwa wancan, babu ko ɗaya.

Daga ranar ta riƙa riga mahaifiyarta ɗaukar guga. In Saude ta dage sai ta je da kanta, Khairiyya ta yi sauri ta tsaya a gabas don ta bar mata yamma. Amma gidansu ta gabas yake, kuma da hantsi mai tsayawa a yamma rana ce ke dukan idonsa.

“Matsa mini nan,” in ji Saude.

“Inna, ki tsaya can.”

“Can rana. Matsa.”

“Ni nake son nan.”

Wata tsohuwa mai suna Dela, wadda ba a raba ta da bakin rijiya, ta ajiye tulunta. “Saude, 'yar nan taki ta gaji rijiya ne ba mu sani ba? Ko kakanta ya ba ta ɓarin nan a sadaki?”

Mata suka yi dariya. Saude ta ja ta gefe da hannu ɗaya, ta hau ɓarin gabas da nauyinta na mutum biyu, ta zura guga. Khairiyya ta tsaya tana kallon ƙafafun mahaifiyarta har gugan ya fito.

A rana ta goma sha uku, da tsakar rana, lokacin da babu kowa, ta zo da dutse. Ta ƙwanƙwasa ɓarin yamma, ya amsa da ƙara mai kaifi. Ta ƙwanƙwasa na gabas a gefe, ya amsa haka. Da ta matso tsakiya sai ƙarar ta mutu, kamar an buga kabewar da ta ruɓe a ciki. Tana tsugune a wurin, ba wanda ya taka, ba iska, ta ji abin ya yi ƙas shi kaɗai. Ƙarar ta sauka cikin rijiyar ta dawo.

Washegari ta ɗauko ɗan madubin mahaifiyarta, ta kwanta rub da ciki a ɓarin yamma, ta zura hannu ta ƙofar guga ta haska ƙarƙashin na gabas. Wani farin layi ta gani, siriri, ya taso daga bakin ƙofar ya yi kamar kamu ɗaya. Can ƙasa ruwan baƙi ƙirin, da ɗan hasken sama a tsakiyarsa. Bayan kwana biyu ta sake dubawa, layin ya kai kamu biyu, ya kuma yi reshe.

Dela ma ta ji ƙarar wata rana. Ta ce mutanen ɓoye ne na cikin rijiya ba sa son a rufe musu sama, a ba su kwana arba'in za su saba. Wasu suka yarda, wasu suka yi dariya, ba wanda ya sauka daga murfin.

Khairiyya ta daina cin abinci sosai. Saude ta taɓa goshinta ta ce ko zazzaɓi ne, ta jiƙa mata magani. Sau biyu tana zuwa gindin dalbejiya da niyyar magana, sai ta tarar kakanta ya ciro allon nan daga aljihu yana nuna wa baƙi, yana cewa, “Ramata ce. Ku je ku ga rijiyarmu.” Sai ta gaishe su ta wuce.

Ranar Talata da yamma Halliru ya bugo waya. Saude ta saka a fili kowa ya ji. Ya ce an yi ruwa a kudu, sun kamo hanya, jibi Alhamis da hantsi za su iso, garke uku a haɗe. Ya ce a gyara komin shayarwa, a fito da wasakai, manyan gugan fata, don shanun sun wahala.

“Na ji an yi mana murfi,” in ji shi. “Bana mutum shida za mu tsaya a kowane gefe mu ja, ba ɗaiɗai ba kamar masu satar ruwa. Ina Khairiyya?”

Aka miƙa mata wayar. Ta ce, “Baba, sannu da hanya,” ta mayar wa mahaifiyarta wayar.

Laraba da hantsi Malam Daudu yana gindin dalbejiya yana tufka sabuwar igiyar wasaki, ƙwaryar ruwa a gefensa, yana tsoma yatsu yana shafa ramar. Khairiyya ta zo ta durƙusa a gabansa, ba a gefe ba inda ta saba zama.

“Yau amarya da ladabi? Me kika fasa?”

Ba ta rama ba. Ya ɗago ya dube ta, ya ajiye igiyar.

“Kaka, akwai saƙon da Goggo ta ba ni ban faɗa ba.”

“Na yaushe?”

“Na ranar da ta tafi Kazaure sayo magani. Ta ce in gaya maka kada ruwa ya kusanci fallayen nan, ko ɗigo. In sun sha ruwa roba ba ta kama su. Na tafi cin kanya. Da na dawo ka riga ka yayyafa. Da ka shiga ɗaki na mayar da su rana don kada ta gane.”

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi yatsunsa masu danshi, ya goge su a riga.

“Wane ɓari?”

“Na gabas. Yana ƙara da rana. Ya tsage ta ƙasa, na gani da madubi.”

“Kwana nawa ke nan?”

“Goma sha tara da sa shi.”

“Uwarki a nan take tsayawa.”

“A nan.”

Ya miƙe ba tare da ya dafa ƙugu ba, ya ɗauki sandarsa. A bakin rijiya mata huɗu ne, biyu a kan ɓarin gabas, Dela da wata mai goyo. Bai ɗaga murya ba.

“Ku sauko. A hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ki bar gugan, a bar shi.”

“Malam, lafiya?” in ji Dela. “Kai ma ka zo karɓar gadon?”

“Dela, sauko da mai goyon nan tukuna.”

Suka ga fuskarsa, suka sauko. Ya gitta sandarsa a kan ɓarin, ya aika a kira mai unguwa, ya ce wa Khairiyya ta karɓo wayar mahaifiyarta ta nemo ta Kazaure. Da aka ɗauka, Khairiyya ta tsaya tana jiran ya ce gaya mata kaza. Sai ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ya riƙe ta nesa da kunnensa kaɗan, yana kallon dutse.

“Ke. Ni ne.”

A ɗaya gefen aka ji muryar Rahamatu ƙasa ƙasa. “Baffa. Lafiya?”

“Fallayen ɓari na biyu, na yayyafa musu ruwa. Da hannuna, duka. Ki zo yau.”

Kafin azahar ta iso a kan babur. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ƙwanƙwasa murfin da mabuɗi, ta saurara, ta karɓi madubin ta leƙa. Ta sa aka zura igiyoyin Malam Daudu ta ƙarƙashi aka ɗaga ɓarin daga gefe, ba wanda ya taka shi. Aka ɗora shi a kan duwatsun nan biyu. Mai unguwa Falalu da kansa ya riƙe shebur ana cika buhuna, bai dubi kowa ba.

Buhu na farko da na biyu da na uku, babu abin da ya faru. A na huɗu aka ji ƙas ɗin nan da Khairiyya ta sani. A na biyar tsakiyar ta sauka kaɗan. Samari biyu suka ɗauko na shida, suka ɗora, suka ja da baya. Ya yi kamar zai riƙe. Sai ya buɗe gida biyu, buhunan suka zube ƙasa.

Saude ta nemi gefen komi ta zauna, ta dafe cikinta da hannu biyu.

Rahamatu ta tsuguna a bakin karayar ta kira Khairiyya. Ta sa farce ta ɗago falle ɗaya, ya rabu da ɗan'uwansa kamar shafin littafi, fari, ba robar da ta ratsa shi. Ta ce ruwan da ya rage a cikin zaren ne ya hana, zafin rana kuma ya yi ta tayar da shi yana buɗe tsakani kullum.

“Na taɓa na sama na ji a bushe, na yarda,” in ji ta. “Aka ce kada a gwada, na yarda. Nawa laifin ke nan. Naki kin san shi?”

“Na sani, Goggo.”

“To.”

Ta tashi ta je inda mahaifinta yake tsaye, ta durƙusa a bayansa kaɗan, kanta a ƙasa. Khairiyya ta matso don ta karɓi saƙo, Rahamatu ta ɗaga mata hannu ta tsaya.

“Baffa, ramar igiya tana son ruwa. Wannan ba ta so. Ni ya kamata in faɗa maka da bakina.”

Malam Daudu bai juyo ba. “Na ji,” in ji shi. Can kuma ya ce, “Akwai dami biyu na rama a rumbu.”

Ranar Alhamis da hantsi shanu suka iso, ƙurarsu ta riga su. An mayar da tsofaffin itatuwa a gefen gabas an tare da ƙaya, ana ja ta yamma kaɗai, layi ya yi tsawo, shanu suna ta kuka har la'asar. Halliru ya je ya ga ɓarin da ya karye a kan duwatsu, ya ƙirga buhunan da ke zube, ya dawo ya ci gaba da jan wasaki.

Khairiyya ta wuni tana kai ruwa komi. Duk lokacin da ta wuce ta gefen ƙayar sai ta dubi wurin da ƙafafun mahaifiyarta suke tsayawa. Ta gane cewa shirun da ta yi bai kare kakanta daga kunya ba, bai kuma busar da fallayen ba, abin da ya yi kawai shi ne ya bar mahaifiyarta kwana goma sha tara tana tsaye a kan abin da ke karyewa.